Kakanninmu Ba Bisa Doki Suka Shigo Kumasi Ba

Wata ranar Laraba ɗana na biyu ya dawo daga makaranta bai ko kalli abincinsa ba. Uwarsa ta ɗauka zazzaɓi ne. Sai bayan Magariba, ina zaune ina lissafin cinikin yini, ya zo ya rakuɓe a bakin tabarma ya ce, "Baba, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, mu muna wane gefe?"

Ashe a aji aka karanta musu labarin yaƙin 1900, wani abokinsa Batone ya juyo ya ce masa ai Hausawa ne sojan Bature, su suka harbi kakanninsu. 'Yan aji suka kwashe da dariya. Shi kuwa yaron nan, a tunaninsa kakanninsa barade ne masu rawani da takobi, irin waɗanda yake kallo a wayata duk lokacin da 'yan uwa suka turo hotunan Hawan Daushe daga Kano. Ranar gangara a nan Zango ma, idan aka fito da 'yan dawakin da ake da su, shi ne kan gaba wajen bin su da gudu. Yanzu ga wani ya ce masa kakanninsa yaran Bature ne.

Shekarata 19 a unguwar nan. Daga ƙofar gidana zuwa fadar Manhyia tafiya ce ta ƙasa, ko zufa ba ka yi. Amma wallahi ban iya ba shi amsa ba. Na ce masa ya bari ranar Asabar mu je mu gani da idonmu. Da labari ya kai kunnen Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya haura tamanin kuma a Zangon nan aka yanke masa cibiya, sai ya aiko cewa kada mu kuskura mu tafi ba shi. Na yi mamaki, don Kawu in ba masallaci ko jana'iza ba, ba ya fita.

Wurin da muka nufa shi ne tsohon sansanin soja da ake kira Kumasi Fort, a Adum, wanda yanzu ya zama gidan tarihi na rundunar sojan Ghana. Yawancinmu mun sha wuce shi a hanyar banki ko gidan waya, jan gini mai kauri da igwa a gaba, ba mu taɓa leƙawa ba. Turawan Ingila suka gama gina shi a 1897, shekara guda bayan sun kama Asantehene Prempeh na Ɗaya sun fitar da shi daga ƙasarsa. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, kuma soja ne ke zagayawa da baƙi. Wanda aka haɗa mu da shi saurayi ne mai fara'a, da ya ji muna Hausa ya saki Turanci ya kama Hausar bariki, Kawu ya yi ta gyara masa.

A tsakar gida akwai motoci masu sulke da manyan bindigogi, ciki kuma ɗaki-ɗaki na makamai da tutoci da lambobin yabo da hotuna, da kayan da sojan ƙasar nan suka ƙwato daga Italiyawa a Habasha da kuma Japanawa a yaƙin Bama. Autarmu ta maƙale a jikin wata igwa sai da aka ɓamɓaro ta. Ɗana kuwa ɗaki bayan ɗaki yana ta dube-dube, can ya gaji ya ce wa sojan, "Yallaɓai, to ina kayan dawakin?"

Sojan ya yi dariya ya ce nan ba ƙasar doki ba ce.

Wannan magana ita ce bakin zaren, kuma duk bafatake ya san ta ko da bai taɓa buɗe littafi ba. A ƙasar Hausa yaƙi na doki ne. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kananeji, wajen shekara ta 1400, aka fara lifidi da sulke da kwalkwali a birnin. Lifidi riga ce ta tsumma da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke, a sa wa doki, a sa wa mahayi, kibiya ta zo ta maƙale ba ta kai ga nama ba. Nauyinsa ya sa 'yan lifida ba sa sukuwa mai nisa, aikinsu su fasa sahun abokan gaba kamar bango mai tafiya, sannan barade masu saurin doki su bi da mashi da takobi. Maganinsu kuwa kibiya mai wuta, don auduga ba ta wasa da wuta. Ka duba sarautunmu ma ka gani: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, Shamaki mai kula da muri. Mulki da doki tare suke tafiya. Kuma doki ɗaya ba ƙaramin gida yake ci ba, ga dawa, ga harawa, ga kanwa, ga yaron da zai yanko ciyawa safe da yamma. Wanda ya riƙe dawaki ɗari, to ya riƙe gumin ƙauyuka.

Amma doki yana da iyaka, kuma ba sarki ya shata ta ba. Ƙudan tsando ne. Da ka baro sarari ka fara shiga kurmi, ƙudan nan zai ciji dabba ya sa mata sammore, ta rame, ta kwanta, ta mutu. Ko da ta tsira, ina za ta yi sukuwa a turbar da mutum biyu ba sa jerawa? Shi ya sa ayarin fataucin Gwanja, wanda madugu ke ja daga Kano ko Katsina ko Sakkwato tafiyar watanni, da jakuna da takarkarai da 'yan dawakin manya, a Salaga yake sauke kaya. Goro yana fitowa daga kurmin Asante a kan mutane, a Salaga ya hau jaki. Sarakunan Asante ma sun fi son haka, sun daɗe suna tsare fataken Arewa a can bakin iyaka don ciniki ya zauna a hannunsu.

Tonawa kuwa da bindiga suka yi ƙarfi, bindigar toka da albarushi da suke saye a bakin teku da zinari. Da Opoku Ware na Ɗaya ya kai yaƙi Dagomba wajen 1744 zuwa 1745, mahaya dawaki suka gamu da 'yan bindiga, abin bai yi wa mahayan daɗi ba. Dagombawa suka ɗauki darasi, suka kafa nasu 'yan bindigar, Kambonsi, waɗanda har yau ake ganinsu a Yendi da Tamale ranar biki. Abin da ya shigo kurmi daga Arewa ya zauna daram ba doki ba ne, laya ce. Malamai Musulmi suna Kumasi tun kafin Bature ya san hanyarta, wani Baturen Ingila mai suna Bowdich da ya zo a 1817 ya tarar da su a fada. Babbar rigar yaƙin Asantehene, Batakarikese, taguwa ce ta Arewa da aka lulluɓe da layu. Na gaya wa ɗana wannan, ya ɗan saki fuska.

Daga nan sojan ya tsayar da mu a jikin bango ya shiga labarin 1900, wanda shi ya kawo mu.

Ranar 28 ga Maris na shekarar, Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a gaban sansanin nan ya ce a kawo masa Kujerar Zinari ya zauna a kai. Kujerar da ko Asantehene ba ya zama a kanta, wadda Tonawa suka ɗauka ran ƙasarsu ne a ciki. Ba wanda ya tanka masa, kowa ya watse. Yaa Asantewaa, magajiyar Ejisu, wadda Turawa suka riga suka tafi da jikanta tare da Prempeh, ita ta zaburar da maza. Kafin ƙarshen Afrilu an yanke wayar tangaraho, an kewaye sansanin, Gwamna da matarsa suna ciki. Tonawa ba su ɓata mutanensu wajen hawa bango ba. Kowace hanya da ta shigo Kumasi suka datse ta da kagara: jeri biyu na manyan gungume, a cika tsakiya da ƙasa da duwatsu, ta fi tsayin mutum, harsashin ƙaramar igwa ya dake ta a banza. Suka zauna suna jira yunwa ta yi musu aiki.

Su wa ke riƙe da bindiga a kan bangon? Turawa 'yan kaɗan ne. Sauran duk baƙar fata ne, kuma a takardun Bature sunansu ɗaya: Hausa. Wannan ba ƙarya abokin ɗana ya yi ba. Tun 1863 wani hafsa mai suna John Glover ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover a Ikko, kuma ya zo da su yaƙin 1874, lokacin da Wolseley ya ƙone Kumasi. A 1900 ma, ɗauki na farko daga Ikko ya zo a ƙarshen Afrilu, na biyu kuma Manjo Morris ya jawo shi tun daga Gambaga a Arewa, ya fasa ya shigo ranar 15 ga Mayu.

A cikin ayarin Morris ɗin nan ne aka sami mahaya dawaki 'yan ƙasar Moshi. Ɗana ya miƙe tsaye sosai da jin haka. To, amma dawakin ba su yi sukuwa ko ɗaya a Kumasi ba. Ba fili, ba ciyawa, ga kagara ta ko'ina. Da abinci ya ƙare, yanka su aka riƙa yi ana ci. Kawu ya ce, "To ka ji. Ga hawan dabarka nan, a tukunya."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba na cikin bango ba ne, na wajensa ne. Dubban mutane da ba soja ba sun gudo gindin sansanin neman tsira: matan soja da 'ya'yansu, 'yan dako, fatake daga Arewa da daga bakin teku. Ba a buɗe musu ƙofa ba. A nan waje suka kafa bukkoki cikin ruwan damina, suna cin ganye da saiwa, kullum ana kwasar gawa. Na tsaya ina kallon kwaltar da motoci ke fakawa a kai yanzu. In dai kana da kakan da ya yi fatauci a Kumasi a wancan zamani, ba mamaki a wannan fili ya kwana.

Ranar 23 ga Yuni Hodgson ya fice da asuba ta hanyar Patasi da mafi yawan sojan, ya bar Turawa uku da soja ɗari da ɗoriya, yawancinsu ko tsayuwa ba sa iyawa don yunwa. Sai ranar 15 ga Yuli Kanar James Willcocks ya iso ta Bekwai da rundunar da aka tattaro, mafi yawanta daga Nijeriya. An ci gaba da faɗa har ƙarshen Satumba. An kama Yaa Asantewaa a 1901, aka kai ta tsibirin Seshel, can ta rasu a 1921. Sojan ya nuna mana wani ɗan ɗaki mai duhu da ya ce a nan aka tsare ta kafin a tafi da ita. Autarmu ta ƙi shiga. Kujerar Zinari kuwa Bature bai taɓa samunta ba.

Ɗana ya yi shiru. Ya ce, "Ke nan gaskiya ya faɗa."

A nan Kawu ya nemi a ba shi wurin zama. Aka kawo masa benci a inuwa, ya ajiye sanda, ya ce wa yaron, "Zo nan, maigida." Haka yake kiransa, don sunan mahaifinsa aka sa masa. Ya ce kakansa na wajen uwa, wato kakan mahaifiyata ke nan, yana cikin sojan da suka sha yunwar nan. Ban taɓa ji ba. Na san dai ana cewa tsohon ya yi soja, shi ke nan.

Kawu ya ce kuma tsohon ba a haife shi Bahaushe ba. Bagurunshe ne. Yana yaro mahaya dawaki suka faɗa wa ƙauyensu da asuba, mutanen Babatu, Zabarmawan nan da suka addabi ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 zuwa 1890 da wani abu. Aka ɗaure shi a bayan doki, aka sayar, aka sake sayarwa, ya gudu, ya faɗa hannun masu ɗaukar soja. A bariki ya koyi Hausa, don da ita ake ba da umarni, a bariki ya musulunta, a takarda aka rubuta shi Hausa. Irinsa suna da yawa ƙwarai: Gurunsawa, Mosawa, Dagombawa, Barebari, Yarbawa, da Hausawan asali waɗanda da damansu su ma bayi ne da suka tsere. Bayan ya bar soja ya zauna a Zango ya kama dakon goro, ya auri 'yar wani bafatake Bakatsine, daga nan muka fito.

"Har ya mutu," in ji Kawu, "in ya ji ƙarar kofato sai ya shige ɗaka. Ranar Salla ba ya fita kallon hawa. Muna yara muna yi masa dariya."

Ni dai ban ce komai ba. Na tuna yadda nake zama da yaran nan ina nuna musu barade a waya ina cewa ku ga kakanninku. Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, dangin mahaifina Kanawa ne, kuma ba na jin kunyar son hawan Salla, abu ne mai kyau, duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya ga jahi ya san haka. Sai dai rabin labari na ba su, rabin da ya fi daɗin faɗa. Dokin da ke rawa a gaban sarki yau, jiya shi ake hawa a kamo mutane, kuma a jinin 'ya'yana akwai wanda ya hau da wanda aka ja a ƙasa.

Akwai kuma abin da ya kamata abokin ɗana ya sani, shi ma ɗana ya sani. Rundunar da ta ceci sansanin Kumasi a 1900, ita ce bayan shekara uku aka juya kanta gida. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 ta fasa Kano. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari kan 'yan sojan da suka yi sahu murabba'i, Waziri ya faɗi a nan. Ranar 15 ga Maris aka yi na Sakkwato a filin Giginya, ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Lifidin da ya tare kibiya shekara ɗari biyar bai tare harsashin bindiga mai ruwa ba. Masu harbin kuma da Hausa ake ba su umarni. Wato hannun da ya harbi Batone a Kumasi shi ya harbi Bakano a Kwatarkwashi, albashi ɗaya, Bature ɗaya. Ban faɗi wannan don a wanke kowa ba. Sojan da ya harba ya harba, kuma Tonawa suna da gaskiyarsu in sun tuna.

Abin lura shi ne yadda aka zauna bayan haka. Zangon Kumasi bayan yaƙin nan ya cika ya batse, tsofaffin soja da fataken da rikicin Salaga na 1892 ya tarwatsa da sababbin zuwa. Prempeh ya dawo a 1924, aka gina fadar Manhyia a 1925, ga ta nan maƙwabciyarmu, tsohon ginin ya zama gidan tarihi tun 1995. Jikokin waɗanda suka kafa kagara da jikokin waɗanda aka kewaye yau rumfa ɗaya suke biya wa haya a Kejetia, sarakunan Zango kuma suna zuwa gaisuwa fada. Ba mantuwa ce ta kawo haka ba, ciniki ne da auratayya da haƙurin manya na kowane gefe.

Wanda ke son ya kai iyalinsa, shawarata ya je da safe kafin rana ta yi zafi, ya tambayi sojan kafin ya ɗauki hoto don ba ko'ina ake bari ba, kuma ya haɗa da gidan tarihin Manhyia a yini guda, don a can za a ji labarin daga bakin masu Kujera. In da tsoho a gida, a lallaɓa shi a tafi da shi. Wanda kuma harkar doya ko shanu ke kai shi Yendi, filin dagar dawaki na gaske yana can: Adibo, kudu da garin a kan hanyar Bimbilla, inda ranar 4 ga Disamba 1896 rundunar Dagomba, mahaya da Kambonsi, ta gamu da sojan Jamus, aka yi mata mummunar ɓarna, Jamusawa suka wuce suka ƙone Yendi. Kabarin Babatu ma yana cikin garin Yendi, don can ya ƙare kwanakinsa bayan an karya shi.

Da na ambaci wannan a hanyar dawowa, Kawu ya ce shi ba shi da abin da zai je yi a kabarin Babatu, amma in za mu je mu tafi da yaron.

Mun tsaya a Kejetia na saya musu ƙosai. Ɗana yana tafe yana riƙe da sandar Kawu ta ɗaya gefen, yana ta jero tambayoyi: yaya sunan ƙauyen, wane yare tsohon yake yi kafin Hausa, akwai sauran danginsa a can? Kawu ya ce sunan ƙauyen ya tafi da mai shi, amma akwai wata lambar soja a cikin tsohon gwangwani a ƙasan gadonsa, in an yi La'asar ya zo ya gani.

Ranar Litinin da zai tafi makaranta na ga ya cusa wani abu a aljihun jaka, naɗe da ƙyalle. Uwarsa ta ce ya mayar kafin Kawu ya farga. Ya ce ai Kawu ne ya ba shi, kuma ya ce ya nuna wa abokin nasa, amma kada ya bari kowa ya riƙe.